Wace kalma za mu ba PrEP da Hausa?

Malam Garba: Ana neman sunan Hausa na PrEP, maganin da wanda ba shi da ƙanjamau ke sha kafin saduwa don kada ya kamu, musamman maza masu saduwa da maza. Ni “ƙwayar rigakafi” ce ta zo mini. Me kuka gani?

Likita Asabe: Malam, ina tsoron “rigakafi”. A kunnen Bahaushe rigakafi allura ce, a yi sau ɗaya a huta. Wannan kuwa haɗin tenofobir da emtirisitabin ne, mai suna Truvada, wanda Amurka ta amince a yi amfani da shi don hana kamuwa a 2012, kuma ƙarfinsa a cikin sha a kan lokaci yake. Ko dai ɗaya kullum, ko tsarin 2-1-1 ga maza: biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24 da shan farko, ɗaya bayan awa 48. Ana gwajin ƙanjamau kafin a fara, a maimaita duk wata 3, domin wanda ya riga ya kamu bai sani ba, magunguna biyun nan ba su isa su danne cutar ba, sai ta bijire musu. A duba ƙoda, a duba ciwon hanta nau'in B, don tsayar da maganin farat ɗaya yana iya tayar da shi.

Malam Iro: Likita ta yi gaskiya, ni kuma “ƙwaya” ce ta fi damuna. Ƙwayar cuta, ƙwayar magani, ƙwayar maye, duk kalma ɗaya ce. Mutanen da muke son saƙon ya isa gare su, wasunsu na haɗa jima'i da kayan maye irin su ais da GHB, zaman da kan kai kwana biyu ko uku babu barci. Ka ce wa irin wannan “ka sha ƙwayarka”, wacce zai ɗauka? Ba wai mayen ne ke kashe ƙarfin maganin ba. Lissafin lokaci ne ke ɓacewa: gari ya waye, ya sake wayewa, awa 24 ta wuce kwalbar tana aljihun wando ba a buɗe ba. Mai irin wannan zama, shan kullum ya fi masa 2-1-1, ko allurar kabotegirabir ta duk wata 2. GHB kuwa in ya haɗu da barasa yana iya tsayar da numfashi.

Malam Garba: To “garkuwa” fa?

Likita Asabe: Ta riga ta zama ta garkuwar jiki. Kuma za a zaci tana tare komai, alhali ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere, nan sai kwaroron roba da gwaji. Ni na zaɓi “maganin kandagarkin ƙanjamau”. Kandagarki abu ne da ake yi tun kafin, kuma ana ci gaba da yi.

Malam Iro: Na yarda. Sai mu ba PEP, ɗayan maganin hana kamuwa da ƙanjamau, sunan “maganin gaggawa”, tunda shi bayan an riga an yi saduwa mai haɗari ake farawa, cikin awa 72, a sha kwana 28. Kada sunayen su yi kama, mutum ya jira kwana huɗu yana zaton da sauran lokaci.

Malam Garba: Na rubuta su haka. Allah ya saka da alheri, Likita, Malam Iro.