Wa zai iya karanta mana tsohon rubutun Jamusanci?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Jamus. Ina zaune a Blumenau, kudancin Brazil, garin da Jamusawa suka kafa a 1850. Maiɗakina jinin Jamusawa ce, amma Fotugis kawai take ji. Kakarta ce ta ƙarshe mai Jamusanci a gidan, ita ma tun da gwamnatin Vargas, shugaban Brazil na lokacin, ta hana yin sa a bainar jama'a lokacin yaƙin duniya na biyu, sai a cikin ɗaki.

Da tsohuwar ta rasu, muka tarar da wasiƙu 11 cikin gwangwanin biskit, an ɗaure su da zare, takardun har sun yi ja. Rubutun hannu ne da ake kira Kurrent, irin wanda aka daina koyarwa a Jamus a 1941. Haruffan duk tsini-tsini, "e" kamar "n". Na haska wa Google Translate, shirme ya fito. Wani malamin Jamusanci ya juya takardar, ya juya, ya miƙo mini abina.

Abin da ya tsaya wa maiɗakina a rai shi ne sunan ƙauyen kakanninta, ga shi a saman kowace wasiƙa, ya gagare mu. Don Allah wa ya san dattijo ko ma'adanar tarihi da ke karanta irin wannan? Kuma hoton waya ya wadatar?