Man rina fata na DHA: zai iya ɓoye farin tabo a hannu da wuya?

Uwar Biyu, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ke da ciwon nan da fata ke yin fari-fari, wanda likitoci ke kira bitiligo, a bayan hannu da gefen wuya. Tana ganin likita, amma biki ya matso, tana so tabon ya ɗan ɓuya. An ce akwai man da Turawa ke shafawa su yi duhu ba sai sun shiga rana ba. Yana kama fatarmu kuwa? Ya ake shafa shi, kuma ya maganar alwala?

Mai Kemis, Zoo Road:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yana kamawa. Ki duba bayan kwalba, sinadarin da ke aikin sunansa DHA. Wani nau'in sukari ne da ke haɗuwa da mataccen saman fata ya mai da shi ruwan ƙasa, kamar yadda bayan burodi ke yin ja a cikin tanderu. Ba ya shiga can ciki, ba ya dawo da launin asali, don haka kada ta ajiye maganin likita.

Launi na fara fitowa bayan awa 2 zuwa 4, ya cika duhunsa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya koɗe cikin kwana 5 zuwa 7 yayin da fata ke saɓa. Mai ɗauke da DHA kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari shi ya fi yawa a kanti. Ga mai wankan tarwaɗa yakan zo kusa sosai. Idan baƙa ce sosai, gaskiya ba zai saje ba, sai dai ya rage hasken tabon. Ita sai ta nemi na kashi 8 zuwa 10, ko ta maimaita shafawa dare biyu ko uku a jere.

Kuma kariyar da yake bayarwa daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba abin dogaro ba ce. Farin wurin nan ba shi da kariya, ranar Kano za ta ƙona shi ko da ya yi duhu a ido. Man kariyar rana mai lambar SPF (ma'aunin ƙarfin kariya) 30 zuwa sama dole ne.

Anti Mai Gyaran Jiki, Kabuga:
Ƙanwata, lokaci shi ne rabin aikin. Man yana son awa 6 zuwa 8 ruwa bai taɓa shi ba, don haka bayan sallar isha'i ake shafawa, a wanke da asuba. Da rana ba zai yiwu ba, ga alwalar azahar ga gumi. Bayan an wanke, abin da ya rage launi ne kawai irin na lalle, babu wani ɓawo a kan fata kamar na jan farce.

Ta yi wanka ta ɗauraye sabulu tas, musamman sabulun salo, saboda ragowarsa na sa launin ya karkata zuwa ruwan lemo. Ta bushe sarai, ban da mai, ban da turare. Sai a zagaye bakin tabon da basilin siriri a kan lafiyayyar fata, in ba haka ba gefen zai fi ko'ina duhu ya zama kamar zobe. A ɗiga man kamar ƙwayar wake, a ɗauka da audugar kunne ko ƙaramin burushin kwalliya, a fara daga tsakiyar tabo zuwa gefe. Shafi ɗaya marar kauri. Masu zumuɗi su lafta da yawa, su ne ke tashi da dabbare-dabbare.

Gaɓoɓin yatsu sun fi shan man saboda fatar wurin ta fi kauri, can sai a sirka shi da man shafawa rabi da rabi. Mai shafawa ta sa safar hannu ta roba, don tafin hannu kan rine har cikin layukansa. A jira minti 15 kafin a sa riga, mai duhu kuma sakakkiya, a kwana ƙarƙashin fanka. Akwai ɗan wari kamar na biskit da ya ƙone, wanka na rage shi. Lokacin hunturu a dage da man kaɗanya daga washegari, don busasshiyar fata ba ta koɗewa bai ɗaya. A fara gwaji mako biyu kafin biki, a kan tabo ɗaya da riga ke rufewa.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. To dilka da halawa fa? Duk 'yan uwan amarya za a yi wa. Wata kuma ta ce mu bi tabon da baƙin lalle kawai.

Mai Kemis:
A'a Hajiya, baƙin lalle kam kada ku kusance shi. Yawancinsa ana haɗa shi da PPD, sinadarin rinin gashi, yana tayar da ƙuraje masu ruwa, kuma shi kansa yana iya janyo farin tabo. Mai bitiligo duk inda fatarta ta ji rauni, ƙuna ne ko karce ko gurza mai ƙarfi, sabon tabo na iya fitowa a wurin. Saboda haka halawa da dirzar dilka ba nata ba ne. Tsumma mai laushi da ruwan ɗumi sun isa, kwana ɗaya kafin shafawa.

Wajen saye ki buɗe ki shinshina in an bari. DHA ba ya jure zafi: wanda ya sha rana a kan tebur yakan yi tsami ko ya koma kore-kore, kuma ba zai kama ba. A gida a ajiye shi a firji ko wuri mafi sanyi a ɗaki, a rufe murfin gam. Kada ya taɓa ido, leɓe ko cikin hanci. Idan tana shafa maganin likita a wurin ko ana haska mata fitilar asibiti, ta kai masa kwalbar ya gani kafin ta fara.