Abin da aka tattauna a Tawa kan wahalar al'ada

Ranar zubin adashi hira ta koma kan ciwon mara. Kusan kowa ta yarda da ɗora kwalbar ruwan ɗumi a mara da shan shayin citta. Wata ungozoma a cikinmu ta ce sinadarin da ke matse mahaifa shi ke motsa hanji, shi ya sa zawo ke biyo baya. A rage yaji da maiƙo, a yawaita ruwa. Maganin rage ciwo na Ibuprofen kuwa sai an ci abinci, mai gyambon ciki ta guje shi.

Kasala tana iya zama daga ƙarancin jini. A ci hanta, wake, zogale, amma ban da shayi nan take bayan abinci. Jar kanwar da Inna ta kawo a matsayin magani, ni dai ban gamsu ba. Jinin da ya wuce kwana 7, a tafi likita.