Hoton bizar yawon buɗe ido: wane girma ake karɓa?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Don Allah, hoton fasfo da ake ɗauka nan Damagaram ya isa neman bizar yawon buɗe ido ta ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya? Kuma Hajiya za ta iya barin hijabinta?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Hoton Schengen milimita 35 ne faɗi, 45 tsawo. Fuska daga haɓa zuwa tsakar kai ta kai milimita 32 zuwa 36. Nan masu hoto suke yawan kuskure: su tsaya nesa, kai ya fito ƙarami. Ka sa a auna da rula kafin ka biya. Kada hoton ya wuce wata 6.

Hajiya ta Sabon Gari: Ɗana, hijabi ba matsala, muddin goshi, kumatu da haɓa duk a buɗe suke. Amma kada ta sa fari, don yana sajewa da bango mai haske. Ta tsaya taku ɗaya gaban bangon, in ba haka ba inuwa za ta faɗa bayan kai. Baki a rufe, ido kan kyamara. Kuma a hana mai hoto goge fuska da kwamfuta. Zane ko tabo a bar shi yadda yake.

Malam na Zango: In Amurka ce, lissafi daban: milimita 51 kowane gefe, farin bango, kuma tun 2016 ba a karɓar tabarau, ko da na magani ne, sai da takardar likita.