Kwana 222 babu Twitter: ya kuka yi?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Jiya ina share tarkace a waya na ci karo da VPN (manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet) ɗin da na sauke tun 2021, yana zaune ba aikin fari balle na baƙi. Sai na tuno safiyar Asabar, 5 ga Yuni. Ina ta jan shafi ƙasa, abu ya ƙi motsi. Na zaci data ce ta ƙare, har na sake sayen wata. Ashe dakatar da Twitter a Najeriya da Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya sanar ranar Juma'a ce ta fara aiki, bayan an goge saƙon Shugaba Buhari mai ambaton yaƙin basasa. Abin dariya, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta wallafa sanarwar. Daga nan sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. Ku ya kuka yi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni kam na ji a jikina. Humra da turaren wuta nake haɗawa, kuma rabin masu sayena matan Abuja da Legas ne da ban taɓa gani ba. Hoto ɗaya nake sawa, 'yan Arewa Twitter su yi ta turawa gaba, kafin la'asar an saye. Na riga na zuba kuɗin adashina a kayan Babbar Sallah. Kwalabe arba'in na jera a gaban madubi, kullum sai na goge musu ƙura. Na koma status na WhatsApp, to amma wa ke gani? Dangi da maƙwabta, su kuwa "ajiye min ɗaya, ƙarshen wata" kawai suka iya.

Ɗalibin Samaru: Aunty, Allah ya mayar da alheri. Mu ko kwana ɗaya ba mu yi fashi ba. VPN na kyauta, waya ta yi zafi kamar dutsen guga, caji ya zube kafin azahar. Yau kana Amurka, gobe kana Jamus, alhali kana kan tabarma a hostel. Wata rana na ci indomi da ƙwai wajen mai shayi, na zo tura kuɗi manhajar bankina ta ƙi buɗewa, wai daga ƙasar waje ake shiga. Na manta ban kashe VPN ɗin ba. Katin makaranta na bari jingina.

Mai Gabatarwa: A gidan rediyo nake. Da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta umarci kafafen yaɗa labarai su daina amfani da Twitter, sai muka koma karanta saƙon tes da na Facebook. Gaskiya masu sauraronmu na asali dama can suke.

Baba Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, ni da na ji Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce za a gurfanar da masu shiga Twitter ta bayan gida, sai na ce ba da ni ba, da furfurata. Jikana ya buɗe min Koo, wani dandali irin Twitter na Indiya mai tsuntsu ruwan ɗorawa, tunda gwamnati ma can ta koma. Na yi sallama sau uku, ba wanda ya amsa. An ce ma ya rufe a 2024.

Bagobira: Mu a Maraɗi ba a rufe mana ba, amma shafina ya yi tsit, don yawancin waɗanda nake bi 'yan Kano da Kaduna ne.

Ɗan Gusau: Ku godiya za ku yi. Kuna ta rigimar VPN, mu a farkon Satumban shekarar aka katse mana sabis gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Ba kira, ba tes. Nakan tara saƙonnin mutanen unguwa a takarda, lamba da abin da za a faɗa, in hau mota zuwa Funtuwa in yi ta kira. Da aka katse can ma, sai Zariya. Wata tsohuwa ta ba ni lambar ɗanta da kuɗin kati a ƙulle a gefen zane, saƙon duka shi ne: "Ka ce masa akuyar ta haihu."