Akitek yace in ƙara kuɗi ya fitar min da 3D na gidan, yana da amfani?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Ina da fuloti 50 by 100 a bayan gari zan ɗora bene, akitek (mai zanen gini) ya gama min filan amma yace in ina so ya fitar da 3D, wato hoton gidan kamar an gama shi har da bidiyon da za a zaga ɗaki ɗaki, sai na ƙara kuɗi. Ni kuma yanzu duk nairar da zata fita buhun siminti nake lissafawa. Waɗanda suka taɓa yi, yana da amfani ko ado ne kawai?

Uwargida:
Wa alaikumus salam. Malam ka biya wlh. Lokacin namu maigida ya kawo min filan a takarda, layuka ne da lambobi ban gane komai ba, sai da aka sa mana bidiyon a waya na ga ashe duk baƙon da ya zauna a falo in aka buɗe ƙofa yana hango kicin har tsakar gida. Nan take aka juya ƙofar tun ba a sa bulo ko ɗaya ba. Don Allah ka nuna wa iyalinka, su ne masu wuni a gidan.

Mai Rodi:
Amfani kam akwai, amma ranka ya daɗe hoton baya riƙe bene. Yawanci a manhajar kwamfuta ta SketchUp ko Revit ake ɗaga ginin sannan a kai shi manhajar ƙawata hoto ta Lumion ko Twinmotion a zuba koriyar ciyawa da manyan gilasai da mota a ƙofar gida, sama tas babu ƙurar hunturu, mutum ya gani hankalinsa ya tafi ya manta bai tambayi girman ginshiƙi da yawan rodin dakin (decking, wato kankaren benen) ba. Wajen neman izinin gini a KNUPDA (hukumar tsara birane ta jihar Kano) filan da zanen injiniya ake miƙawa, ka tabbata akitek ɗin yana da rajistar ARCON (hukumar rajistar akitek), injiniyan kuma COREN (ta injiniyoyi). In zai maka 3D ɗin kace ya saita Kano a manhajar, watan Afrilu ƙarfe 4 na yamma, SketchUp yana nuna inda inuwa take faɗawa, anan zaka ga ɗakin da tagarsa ke kallon yamma yadda rana zata dake shi. Wannan ni shi ya fi min komai.

Ɗalibin Zane:
Ƙari akan maganar Oga Mai Rodi, kace wa akitek ɗin tayil da fenti da kwanon da ake samu a kasuwarmu zai saka, kar ya ɗauko na cikin manhaja wanda babu shi a gari. Kuma bidiyo shi ke cin lokaci don sai kwamfuta mai graphics card (ɓangaren sarrafa hoto) mai ƙarfi, in kuɗin yayi yawa ka karɓi hotuna kaɗan da na 360 wanda zaka juya a waya.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan same shi da maganar rana da tayil, hajiya ma da ita zamu je ta gani da idonta.