"Shawara ɗaukar ɗaki": ta hau kan masu nazarin manufofi?

Bazazzagi: Jama'a, wani malami ya kawo karin maganar nan a rediyo yana bayanin cibiyoyin nazarin manufofi, waɗanda Turawa ke cewa tink-tank. Wato wuraren da ake tara masana su yi bincike kan tattalin arziki, tsaro ko ilimi, su rubuta wa gwamnati abin da ya kamata ta yi. Ya ce aikinsu kenan, ɗaukar ɗaki. Ta zauna a wurin?

Malam Na-Gwale: Ta zauna daram. Yaran yanzu ba su san ɗakin da ake nufi ba, jinka ce. A ƙasa ake haɗa tsaikon, a baibaye shi da shuci, sannan a kira maƙwabta su kewaye shi, kowa ya sa hannu, a ɗaga gaba ɗaya a aza kan bango. Gefe ɗaya ya yi sanyin jiki, ta karkace. Dubi cibiyar nazarin manufofi ta Kuru da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979. Manyan sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan gwamnati da shugabannin ƙwadago ke zama wata da watanni kan batu guda, a ƙarshe su kai wa shugaban ƙasa rahoto. Janar Babangida ma ya zauna a can.

Hajiyar Damagaram: Allah gafarta Malam, ina da ja. Masu ɗaukar jinka gayya suka zo, ba a biyan su, kuma sun san mai ɗakin. Da yawan cibiyoyi masu zaman kansu kuwa, a Abuja ko a Yamai, kuɗin bincikensu daga ƙasashen waje yake zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai an san sauran.

Malam Na-Gwale: Hajiya, wannan laifin aljihu ne, karin maganar ba ruwanta.

Hajiyar Damagaram: Da ruwanta mana. Shawarar da take nufi ta 'yan uwa ce, wadda kai ka nema da bakinka.

Ɗan Tudun Wada: Ni inda na tsaya daban. Ba a ɗaukar ɗaki sai mai ɗaki yana tsaye yana cewa ku matso nan, ku sauke can. Cibiyar binciken tattalin arziki ta Ibadan tun 1960 take rubutu, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Gidan Mambayya a Kano. Masana ba su yi ƙaranci ba. Amma a miƙa rahoto, a ɗauki hoto, a kulle shi a durowa, wannan jinkar tana ƙasa har yanzu. Abin haushi, da zaɓe ya matso sai ka ga 'yan takara sun nufi cibiyar nazarin manufofi ta Chatham House a Landan. Buhari ya je a 2015, Tinubu a ƙarshen 2022, Obi da Kwankwaso suka bi a farkon 2023.

Bazazzagi: Yaya, can ai ba shawara suka je nema ba, tallar kai suka je.

Hajiyar Damagaram: To kun gani. Mu a gidanmu idan an ce shawara ɗaukar ɗaki, ana faɗa wa mai taurin kai ne, wanda ke son yanke hukunci shi kaɗai. Masu mulki ya kamata malamin ya jefa wa ita.

Malam Na-Gwale: Wannan kam ban musa ba. Amma Bazazzagi, malamin naka a wace cibiya yake karɓar albashi?